Yadda nake auna ƙarfin tsoka da hannu, daga 0 zuwa 5

Kafin in ce wa majinyaci ya ɗaga komai, ni nake fara ɗaga masa. In gwiwa ce, sai in miƙar da ita da hannuna, in lanƙwasa, in ga iya inda take kaiwa ba tare da ya sa ƙarfinsa ba. Gaɓar da ta sandare ba za ta kai ƙarshe ba ko da tsokar lafiyarta ƙalau, kuma in ban gano haka tun farko ba, sai in ɗora wa tsoka laifin da ba nata ba. Daga nan in gwada ɓangaren da ke lafiya, don in san ƙarfin mutumin na asali, shi kuma ya gane abin da nake nema daga gare shi.

Ma'aunin da muke aiki da shi a ɗakin fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki na asibiti, maki shida ne. Asalinsa daga Boston ta Amurka, inda Dokta Robert Lovett da Wilhelmine Wright suka riƙa gwada tsokar yara masu shan inna wajen 1912. Tsarin 0 zuwa 5 da ya bazu kuwa, hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, wato MRC, ce ta fitar da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda sojojin da suka ji rauni a jijiya. Ga shi a taƙaice: 0, ko motsi babu. 1, tsokar na ɗan harbawa a ƙarƙashin yatsanka amma gaɓar ba ta gusa. 2, gaɓar na kaiwa ƙarshe in an ɗauke mata nauyinta. 3, tana ɗaga nauyin kanta sama har ƙarshe. 4, tana jure turin hannunka amma ka rinjaye ta. 5, cikakken ƙarfi.

Kada ka fara daga 0. Fara daga 3, don shi ne mararraba. Ɗauki tsokar gaban cinya: zaunar da majinyacin a bakin gado, ƙafa na lilo, ka ce ya miƙe gwiwa. In ta miƙe sarai, ya ci 3, sai ka haura sama. Ka dafe cinyar da hannu ɗaya, ɗayan ka sa shi saman idon sawu, ka bar gwiwar da ɗan lanƙwasa kaɗan don kada ta kulle. Sai ka ce, “Baba, a riƙe nan, kar a bari in danne ta.” Ka ƙara turin sannu a hankali, ban da fizga. In ƙafar ta sauka, 4 ne. In ka yi iya yinka ta ƙi, 5.

In kuwa ta kasa miƙewa, sai ka sauko. Kwantar da shi a gefe, ka tallafe ƙafar a hannunka, ya miƙe gwiwar a kwance inda nauyi ba ya ja masa ƙasa. Tallafa kawai za ka yi. Hannu yana da son taimako, kuma na sha kama nawa yana yi wa majinyaci rabin aikin. Ya kai ƙarshe, 2. Bai motsa ba, sai ka ɗora yatsu a kan jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ka ce ya sake ƙoƙari. Yatsun ne za su raba maka 1 da 0. Ido yana iya ruɗinka a nan.

Inda aikin ke da wuya shi ne satar hanya. Jiki ba ya son a ga gazawarsa, in tsoka ta gaza sai maƙwabciyarta ta karɓi aikin. A shekarata ta farko na rubuta wa wani dattijo 3 a tsokar kafaɗa, ina ta murna yana samun sauƙi. Wadda ke koya mini aiki ta zo, ba ta ce uffan ba, ta dafa saman kafaɗarsa ta ce ya sake. Hannun ko rabi bai kai ba. Ashe ɗage kafaɗa yake yi zuwa kunne, yana karkata jiki gefe, ni kuwa tafin hannunsa kawai nake kallo yana hawa. Tun ranar ba na gwaji sai na dafe abin da ke sama da gaɓar. Haka ma a tsokar gefen ƙugu: yana kwance a gefe, ka ce ya ɗaga ƙafa sama, sai ya ɗan mirgina baya ya ɗaga da tsokar gaba. Dafe ƙashin ƙugun, asiri ya tonu.

Akwai inda ba na turawa sam: sabuwar karaya, gocewar ƙashi, ɗinkin tiyata da bai kama ba, ko ƙashin da ya yi rauni sosai. Mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma ina sa shi ya riƙa ƙirga da baki yayin gwajin, don kada ya riƙe numfashi. In zafi ne ya tsayar da mutum, sai in rubuta zafi ne, ban da makin ƙarya. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, tsokarsa ta ɗaure, gaɓoɓinsa na tafiya tare a dunƙule, wannan ma'aunin ba ya faɗin gaskiyar halinsa.

Maki 4 ne ban cika yarda da shi ba. Faɗinsa ya yi yawa: wanda da ƙyar ya jure yatsu biyu da wanda sai da na yi gumi kafin in rinjaye shi, duk 4 ne. Shi ya sa wasu ke ƙara 4- da 4+, amma wannan ya danganta da ƙarfin mai gwajin. Tsokar sha-raɓa ma ta fi ƙarfin hannu, don haka tsayar da mutum nake yi a ƙafa ɗaya, ya riƙa ɗaga dunduniya ina ƙirgawa. In ina son ganin ci gaba mako bayan mako a wanda ya wuce 3, sai in ɗauko na'urar awon ƙarfi ta hannu, dainamomita. A kati kuma ina rubuta tsokar, dama ko hagu, a zaune ko a kwance, da kwanan wata, don wanda zai gwada bayana ya kwantar da shi yadda na kwantar.