Yadda ake gano fayilolin kash da kukis da burauza ta ɓoye a kwamfuta

Masu shagunan kwamfuta a Katsina, musamman waɗanda ɗalibai ke yi wa dandazo lokacin rajistar JAMB, sun san wannan matsala: faifan C ya cika har ya yi ja, an bincika Documents da Downloads babu wani abin kirki. Sau da yawa kayan na jibge a AppData, foldar da Windows ke ɓoyewa.

A Windows 10 ka buɗe File Explorer, ka danna View, ka sa alama a Hidden items. A Windows 11 akwai Show a tsakaninsu. Mafi sauri dai shi ne ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %localappdata%, ka buga Enter.

Daga nan, kash ɗin Chrome, wato kwafin hotuna da sassan shafuka da burauza ke ajiyewa don su yi saurin buɗuwa, yana Google\Chrome\User Data\Default\Cache\Cache_Data. Na Edge ma haka, sai dai a fara da Microsoft\Edge. In mutane da yawa ke amfani da burauzar, za ka ga Profile 1, Profile 2 ban da Default. Kada ka yi canke. Rubuta chrome://version a wurin adireshi, layin Profile Path zai nuna maka foldar da kake kai.

Kada ka sa ran ganin hotuna a jere. Sunaye ne irin data_0, data_1, index da f_00001a, ba su buɗuwa da dannawa. Ka leƙa foldojin Code Cache da Service Worker da ke cikin Default ma, wani lokaci sun fi Cache ɗin nauyi. Danna dama ka zaɓi Properties don ganin girman kowace.

Kukis kuwa, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa don su tuna da kai, fayil ɗaya ne tak, sunansa Cookies, a Default\Network. Manhajar DB Browser for SQLite na nuna sunayen shafukan da ke ciki, amma bayanan a kulle suke da asusun Windows ɗin, shi ya sa kwafarsa zuwa wata kwamfuta ba ya aiki.

Firefox ta raba nata biyu: fayil ɗin kukis, cookies.sqlite, na %appdata%\Mozilla\Firefox\Profiles, foldar kash kuma, cache2, na %localappdata%\Mozilla\Firefox\Profiles.

In Windows ta ƙi gogewa, burauzar ce ba ta rufe duka ba. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka kashe ta a Task Manager. Kada ka kuskura ka goge Default gaba ɗaya, domin kalmomin sirri da shafukan da aka adana duk a ciki suke.

Goge kash ba shi da haɗari, illa dai shafuka za su sake saukowa su ci data. Kukis ne abin lura: da ka goge, Gmail da Facebook za su nemi kalmar sirri, don haka ka tambayi mai kwamfutar ko yana tune da ita. A shago kuwa, inda kowa ke shiga asusunsa ya tashi, a riƙa goge su kullum kafin a rufe, da Ctrl, Shift da Delete a cikin burauzar, a zaɓi All time.