Aikin Jakadan Ɗalibai a Birtaniya: Shawara ga Sababbin Zuwa

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja yakan cika da yaranmu masu tafiya karatu Birtaniya, wasu daga Kubwa da Gwarinpa, wasu kuma sun yo sammako daga Jos. Abin da ke ran kusan kowannensu shi ne aikin da zai samu ya rage wa iyaye nauyi, ganin yadda darajar naira ta zube tun 2023. Yawancinsu sun ji labarin aikin kula da tsofaffi da na ɗaukar kaya a rumbunan ajiya, amma kaɗan ne suka san cewa jami'a da kanta tana ɗaukar ɗalibanta a matsayin jakadunta, tana kuma biyan su. A ganina babu aikin da ya fi wannan dacewa da sabon zuwa, domin mai ba ka aikin shi ne mai koyar da kai, ya san lokacin darasinka da na jarrabawarka.

Jakadan ɗalibai shi ne wanda za ka gani sanye da riga mai tambarin jami'a a ranar da aka buɗe ƙofa ga baƙi, wadda galibi Asabar ce, yana zagayawa da iyaye da 'ya'yansu daga ɗakin karatu zuwa ɗakunan kwana, yana amsa tambayoyi. Akan tura shi makarantun sakandare ya yi wa yara bayani, kuma kafin haka sai an binciki tarihinsa ta hanyar takardar binciken laifuka da ake kira DBS. Wasu jami'o'in suna ba shi aikin amsa saƙonnin masu neman gurbi ta manhajar Unibuddy, a watan Agusta kuma, lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito, akan zaunar da shi a gaban waya don ya amsa kiran masu neman gurbi.

Kafin komai, ƙannena, ku fahimci dokar biza. Ɗalibin da ke karatun digiri an yarda masa ya yi aiki na sa'o'i 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu, kuma makon yana farawa ne daga Litinin ya ƙare Lahadi. Adadin ya haɗa duk ayyukanka gaba ɗaya. Idan ka yi sa'o'i 14 a kanti, 6 kawai suka rage maka a jami'a, kuma ba a ɗaukar ragowar wannan makon a kai wani. Masu digiri na biyu su ƙara lura, domin watannin da suke rubuta kundin bincike yawancin jami'o'i suna lissafa su cikin zangon karatu, ko da 'yan digirin farko sun tafi hutu. Kada ka dogara da abin da abokin ɗaki ya faɗa maka a kan wannan. Je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ka karɓi ranakun zangonka a rubuce. Wuce iyakar sa'o'i 20 ɗin nan na iya jawo soke biza, bayan iyaye sun sayar da fili ko gona sun biya kuɗin makaranta.

Batun kuɗi kuwa, ana biya ne da sa'a, kuma ba ya gaza mafi ƙarancin albashin da doka ta tsara, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 12.21 ga mai shekara 21 zuwa sama. Za a nemi shaidar izinin aikinka da ake cirowa ta intanet, sannan ka nemi lambar inshorar ƙasa (National Insurance), wadda hukuma take bin lissafin harajinka da ita. Sai dai aikin ba shi da tabbas: wani watan ka samu kwana huɗu, wani watan ko ɗaya babu, kuma kuɗin yakan shigo ne bayan ka cike takardar sa'o'inka an sa hannu. Ya isa cefane da kuɗin bas, amma kada ka jingina kuɗin haya a kansa.

Ana tallata guraben ne galibi a farkon zango, saboda haka ka riƙa duba imel ɗinka na makaranta tun makon farko. A wajen tantancewa akan tara ku rukuni a ce kowa ya yi magana na 'yan mintuna, kuma a nan ne tarbiyyarmu ta kunya take cutar da yara masu basira. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba, su kuwa can suna ɗaukar hakan rashin tabbas ne. Ɗago kai, ka dubi mai tambaya, ka yi magana a hankali. Ba a neman ka sauya harshenka ya koma na Landan, ana so ne a ji abin da kake faɗa.

Ka faɗa wa mai kula da ku buƙatarka tun da wuri, ko sallar Juma'a ce ko zuwa coci ranar Lahadi. A watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su taru cikin 'yan sa'o'i, don haka ka san inda ɗakin salla yake. Ɗan Jos kuma kada ya ce ya san sanyi. Tsayuwar yini a bakin ƙofa cikin yayyafi da iskar Nuwamba tana buƙatar takalmi mai hana ruwa da riga mai kauri a ƙarƙashin ta jami'a.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Wata rana saƙo zai zo maka daga wata yarinya a Nyanya ko wani uba a Bukuru, yana tambayar ko ɗansa zai iya biyan kuɗin makaranta da aikin da zai samu can. Jami'a ce take biyan ka, amma mutumin nan zai yanke shawarar miliyoyi a kan amsarka. Gaya masa gaskiyar kuɗin haya da wahalar samun ɗaki, ka kuma gaya masa cewa aikin sa'o'i 20 ba ya biyan kuɗin makaranta. Idan tambayar ta shafi biza, kada ka ba da fatawa, domin doka ta keɓe wannan ga waɗanda aka ba izini. Haɗa shi da ofishin da ke da alhakin hakan, ka kuma sake tuntuɓar sa bayan kwana biyu ka ji ko sun amsa masa.