Darasi na Bakwai: Shuka Ɓaure a Tukunya

Ƙaramin ɓaure mai 'ya'ya masu zaƙi ba sai da gona ba. Tukunya ta ishe shi, har ma ya fi yin 'ya'ya idan saiwarsa ta ɗan takura.

Da farko, tukunya. Ku nemi mai faɗin santimita 40 zuwa 50, wato kusan taki biyu na hannu. Ku juya ta ku dubi gindinta. Akwai huda? In babu, ku huda wuri huɗu ko biyar. Sai ku haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ku yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, mai ido uku ko huɗu. Ku binne ido biyu a ƙasa, idon da ya rage yana kallon sama. Cikin mako huɗu zuwa shida zai yi saiwa.

Yanzu ban ruwa. A nan ne yawancin ɗalibai suke kashe shukarsu, don haka ku natsu. Kafin ku zuba ruwa, ku tsoma yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Da danshi? Ku bar shi. Ta bushe? Ku zuba har ruwa ya fito ta gindi. Ba wuya, za ku iya.

Mu sake. Yatsa tukuna, sannan ruwa. Saman ƙasa yakan bushe alhali cikinta jagab yake. Ruwa ya yi yawa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya zube. Mai shi ya ga haka, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ku tsoma yatsa. Idan kuma kun bar ƙasa ta bushe ƙayau, 'ya'yan su kakkaɓe tun suna ɗanye. Kowace safiya, yatsa har gaɓa ta biyu.

Rana: awa shida zuwa takwas kullum.

Idan sabon reshe ya yi ganye biyar ko shida, ku tsinke kansa don ya yi rassa. Farin ruwan da ke fita yana sa ƙaiƙayi, ku wanke hannu.

Bayan shekara biyu ko uku, ku sake ƙasa, ku rage saiwa.

Ɓaure ba ya nuna bayan an tsinke shi. Ku jira ya yi laushi, wuyansa ya langaɓe.