Yadda za ka kaɗa piyanon Yamaha da rubutu daga cikin Chrome

Akwai masu studiyo a Damagaram da ke da piyanon Yamaha PSR. Kaɗan ne suka san ana iya rubuta kiɗa a kwamfuta, piyanon ya riƙa bugawa, kana sauya rubutun kiɗan bai tsaya ba. Shafin da ake wannan aiki da shi sunansa Strudel, kyauta ne. An fara shi a 2022, ya samo asali daga TidalCycles, wata manhajar yin kiɗa da rubutu ta Alex McLean.

Da farko duba bayan piyanon. In ka ga rami mai rubutun USB TO HOST, wayar firinta ta isa, irin wadda masu kayan kwamfuta ke sayarwa. In tsohon yayi ne mai ramuka zagaye masu fil 5, sai ka nemi wayar USB zuwa MIDI (MIDI shi ne tsarin da kwamfuta ke aika wa kayan kiɗa umarni da shi), bakin OUT nata ya shiga IN na piyanon. Nan ake yawan kuskure.

Kunna piyanon tukuna, sannan ka buɗe Chrome ko Edge ka shiga strudel.cc. Safari ba ya wannan aiki. In FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, na buɗe a Windows, rufe shi, don yakan riƙe hanyar piyanon shi kaɗai. Goge abin da ka tarar a shafin, ka rubuta:

note("c3 e3 g3 e3").midi()

Danna Ctrl da Enter. Chrome zai nemi izinin MIDI, ka ba shi. Sautin daga lasifikar piyanon zai fito, kwamfuta umarni kawai take aikawa, shi ya sa shafin ba ya cin data sosai. Tsayarwa kuma Ctrl da ɗigo.

Ganguna ne wurin da ya kamata ka daɗe. MIDI na da tashoshi 16, ta 10 ita ce ta ganguna: lamba 36 babbar ganga, 38 ƙaramar mai kaifin amo.

note("36(3,8)").midichan(10).midi()

Wato bugu 3 a cikin gurbi 8, an raba su yadda ba su zo daidai wa daida ba. Duk wanda kunnensa ya saba da kiɗan biki zai ji ƙafarsa ta motsa. Kiɗan na tafiya, mai da 3 ta koma 5, ka sake danna Ctrl da Enter, sabon bugun ya hau ba tare da yankewa ba. Abu guda za ka riƙa sauyawa kowane lokaci, ka saurara, sannan ka taɓa wani. A ganina wanda ya yi mako yana wasa da waɗannan lambobi biyu ya fi wanda ya kwafo dogon rubutun da bai gane ba.

In kana son ganga da piyano su tafi tare, sa $: a farkon kowane layi. Kuma ka riƙa kwafe rubutunka cikin wani fayil daban, ka caja kwamfutar tun da rana kafin kuran ya ɗauke.