Darasi na 7: Jinyar mata ko miji a lokacin shimiyo

Idan likita ya ce matarka tana da ciwon daji, wato kansa, kuma za a fara mata shimiyo, jinyar ta zama ta gida duka. Shimiyo magani ne mai ƙarfi. Yawanci ta jijiya ake sa shi cikin ƙarin ruwa, wani kuma ƙwaya ce ta haɗiya. Da miji muke magana a wannan darasi. Mace mai jinyar mijinta ta karanta kamar da ita ake, ƙa'idodin ɗaya ne.

Yadda maganin yake aiki

Ƙwayoyin kansa suna hayayyafa da sauri, maganin kuwa duk abin da ke saurin hayayyafa a jiki shi yake bi ya kashe. To akwai ƙwayoyi masu lafiya da su ma haka suke: na saiwar gashi, na cikin baki da hanji, da na ɓargo inda jini ke samuwa. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, jini ya ragu. Ba ciwon ne ya ƙaru ba. Gashi yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan an sa maganin karo na farko, ya sake tsirowa in an gama.

Ba a sa maganin a tashi ɗaya. Ana sawa, a bar jiki ya farfaɗo, a sake. Sau da yawa kwana 21 ne tsakani, kuma a kansar nono akan yi sau 6 zuwa 8. Likita ne ke yanke adadin. Babban abin da ke ɓata aikin shi ne tsallake randebu, ko dainawa don an ga ƙullutun ya ragu. Ƙwayoyin da suka saura sai su sami sarari su sake yaɗuwa.

A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa, wadda ake kira CNLC, kuma tun 2021 ana ƙona ƙwayoyin kansar da hasken na'ura a can. Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da kansar mata kyauta a asibitocinta. Duk da haka kuɗin mota, abinci, da abin da aka rubuta a sayo a farmasin waje suna kan iyali. Ka tambaya tun ranar farko abin da ya shiga kyautar da wanda bai shiga ba. Mai tasowa daga Tawa yana da tafiyar kusan kilomita 550. Ya iso da wuri, don kafin kowane shimiyo sai an auna jini, in ya yi ƙasa a ɗage ranar. Fastonku na iya haɗa ku da wata ikilisiya a Yamai don masauki.

Ranar shimiyo da kwana 2 na bayanta

Ka sayi littafin rubutu ɗaya, na jinya kawai. A shafin farko ka rubuta sunan maganin, lambar wayar sashen da ke kula da ita, da ranar dawowa. Ranar shimiyo ita ce rana ta 1, daga ita ake ƙirga.

Ta ci abu mara nauyi kafin ku fita. Yayin da ruwan ke shiga, in ta ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar, ko wurin ya kumbura, ka kira ma'aikacin jinya nan take. Kada ta daure don kunya. Wasu magungunan in suka zuba a wajen jijiya suna ƙona nama. Akwai wani jan magani da ke mai da fitsari ja kwana 1 ko 2, wannan ba jini ba ne.

Maganin hana amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ko da zuciya ba ta fara tashi ba. In aka jira sai amai ya zo, ƙwayar ma ba za ta zauna a ciki ba. Cikin awa 48 na farko maganin yana fita ta fitsari, bayan gida da amai. Mai kwashe su ya sa safar hannu ta roba, a wanke fo da sabulu da ruwan jabel, tufafin da suka ɓaci a wanke su daban.

Mako na biyu

Nan ne muke so ka fi buɗe ido. Daga rana ta 7 zuwa ta 14 fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, suna sauka ƙasa ƙwarai. A lokacin amai ya lafa, ta fara cin abinci, kowa ya saki jiki, alhali lokacin ne ƙaramar cuta ke iya zama babba cikin ƴan awoyi.

Ka sayi ma'aunin zafin jiki, ka koyi karanta shi. A auna safe da yamma, da duk lokacin da ta ji sanyi ko rawar ɗari, a rubuta. In ya kai digiri 38, ku tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Awon hammata yakan gaza na ainihi da kusan rabin digiri, don haka 37,5 a hammata ma abin kiran likita ne. Kada ka ba ta parasitamol kafin ka auna, don yana ɓoye zazzaɓi, cutar kuwa tana nan tana ci. Kada kuma ka ce ai zazzaɓin cizon sauro ne, ka sayo magani a tebur. Yana iya zama shi, yana iya zama wata cuta ta shiga jini, gwaji ne kaɗai zai bambanta. Da isarku ka ce: "Tana kan shimiyo, yau kwana kaza." Wannan magana tana canza yadda za a karɓe ta.

Haka kuma ku tafi asibiti nan take in jini ya ƙi tsayawa daga hanci ko dasashi, in numfashi ya yi wuya, in zawo ya yawaita, ko ta yi wuni da kwana ko ruwa ba ya zama a cikinta. Asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini, ba a ba ta su sai da izinin likita.

Ta kwana cikin gidan sauro kullum. Duk mai shigowa ya wanke hannu da sabulu. Mai mura, mai tari, da yaro mai ƙyanda ko ƙuraje su gaishe ta ta waya. Ranar Lahadin da ta faɗo cikin wannan mako, ta zauna gida, a zo a yi mata sujada gajeriya a inuwa. In ta fita dole, ta sa takunkumi, balle lokacin ƙurar hunturu.

Abinci da baki

Kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana, ya fi babban kwano sau 2. Kunun gyaɗa, koko, dafaffen ƙwai, wake, kifi ko kaza da suka dahu sosai, miyar zogale. Nonon da ba a tafasa ba, salatin kasuwa, da abincin da ya kwana a buɗe, a ajiye su sai an gama magani. Ruwan sha a tafasa shi, ta sha kamar lita 2 a rana in likita bai hana ba. A Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke wuce digiri 40, sai an ƙara. In ƙamshin girki na tayar mata da zuciya, a matsar da murhu nesa da ɗakinta.

Don gyambon baki, a haɗa lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce da ƙaramin cokali 1 na gishiri da ƙaramin cokali 1 na bikarbonat na farmasi. Ta kurkure ta tofar, aƙalla sau 4 a rana, a haɗa sabo kowace safiya. Kanwa ba ta maye gurbin bikarbonat. Buroshi mai laushi ya fi asawaki mai tauri, yaji da tsami kuma a rage.

Masu ƙaunarku za su kawo jiƙo da sassaƙe. Ka yi godiya, amma kada ta sha sai likita ya sani. Hanta da ƙoda suna fama da shimiyo, wasu itatuwan suna ƙara musu nauyi ko su rage ƙarfin maganin.

Addu'a da magani

Wasu za su ce zunubi ne ya jawo ciwon, ko jifa ce. A Yohanna sura 9 almajirai sun yi irin wannan tambaya game da makaho, Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ka karanta mata wurin, don mara lafiya kan zargi kanta a ɓoye. Wasu kuma za su ce mai bangaskiya ba ya bukatar asibiti. Muna roƙonka kada ka yarda. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ya faɗa a Kolosiyawa 4:14. Ku kira dattawan ikilisiya su yi mata addu'a da shafa mai kamar yadda Yakubu 5:14 ya koyar, gari ya waye ku tafi randebu. Ko an ce ta warke a taron addu'a, gwajin likita ne zai nuna, ba a daina magani kafin nan.

Azumi ba nata ba ne yanzu, ko na kwana 40 kafin bikin tashin Almasihu. Ƴan'uwa su yi dominta. Ranar da ta yi kuka ta ce ta gaji, kada ka tsawata mata da aya. Zabura 13 kanta da tambayar Allah har yaushe ta fara. Ka zauna kusa, ka riƙe hannunta. Kansa ba ta yaɗuwa ta kwano ɗaya ko gado ɗaya, don haka kada ka ƙaura daga ɗaki. Saduwa ba laifi in tana so kuma likita bai hana ba, amma da kwaroron roba, don maganin yana cutar da ɗan tayi. Mai goyo kuma ba ta shayarwa a lokacin shimiyo.

Raba aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jinyar nan wata 4 zuwa 6 ce ko fiye, masu zuwa dubiya kuwa sukan cika gida a makon farko, a wata na uku a neme su a rasa. Wanda ya ce "in akwai abin da zan yi ka faɗa", ka ba shi aiki da rana. Zumuntar mata su raba ranakun girki da wanki. Mai mota ya ɗauki ranar shimiyo, ya kuma yarda a tashe shi da dare. Wani ya riƙa kai yara lakwal. Gudummawar kuɗi a damƙa ta ga amintacce ɗaya mai rubutawa, a fara ware na zuwa na gaba. In jininta ya yi ƙasa za a nemi masu bayarwa, don haka tun yanzu ka san matasa masu lafiya, ƴan shekara 18 zuwa sama, da suka yarda. Maƙwabta Musulmi da suka zo da kwano da fatan alheri, ka karɓe su hannu biyu, ka sa su cikin tsarin.

Ita ce za ta faɗi wanda za a gaya wa ciwon, har da sanarwa a majami'a. Masu dubiya kada su wuce biyu a lokaci ɗaya, minti 15 ya isa. "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi", addu'a gajeriya, a tashi. Labarin wanda irin ciwon ya kashe a bar shi a waje. Kai ma ka nemi wanda zai karɓe ka dare ɗaya a mako ka yi barci, ka kuma sami Baba Fasto ko wani dattijo da za ka faɗa wa abin da ke ranka.

Aikin aji

A ce an sa shimiyo ranar 3 ga wata. Ka ƙirga ka rubuta ranakun da mako na biyu ya kama, wato rana ta 7 zuwa ta 14, da ranar komawa in tazarar kwana 21 ce. Sannan malami ya zagaya da ma'aunin zafin jiki, kowa ya auna kansa ya karanta lambar da ƙarfi.