Babi na Bakwai: Takardar Inshora Kafin Rajistar Mota

Darasi na ɗaya: Wace takarda ce wannan?

Wanda ya sayi mota, ko a-kori-kura, ko A Daidaita Sahu, ko babur, doka ta ce sai ya yi inshora kafin ya hau titi. In ka je ofishin lasisin mota na hukumar tattara haraji, a Dutse ko a reshen da ya fi kusa da garinku, domin rajista da karɓar lamba, takardar inshora na cikin takardun da ake nema.

Wadda doka ta tilasta ita ce ƙaramar inshora, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna. Ka kaɗe mutum, Allah ya kiyaye, ko ka bugi motar wani, kamfani ne zai biya shi. Gyaran taka motar kuwa yana wuyanka.

Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta sa kuɗin motar gida naira 15,000 a shekara, ana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A Daidaita Sahu naira 5,000, babur naira 3,000. Wanda ya tare ka a bakin ofis ya ce zai yi maka ta mota a dubu biyu, takardar jabu zai miƙa maka.

Darasi na biyu: Lambar jikin mota

Nan ne ɗalibai ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan. Kada ka ji kunya, Baba. Masu digiri ma suna kuskure a wajen.

Ban da lambar da ake maƙalawa gaba da baya, kowace mota tana da lambar da aka buga a jikinta tun daga masana'anta. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen. A babur tana wuyansa, ƙasan kan. A yawancin motoci guda 17 ce, baƙaƙe da alƙaluma a gauraye.

Ɗauki fensir. Goge ƙurar wurin da tsumma. Ɗora yatsa a kan harafi na farko daga hagu, faɗe shi da baki, sannan ka rubuta. Matsa yatsa zuwa na biyu, faɗa, rubuta. Ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. In ka gama, ƙirga. Sun kai 17? In ba su kai ba, sake daga farko.

Kula da masu kama da juna: 8 da B, 5 da S, 2 da Z. A lamba mai 17 ba a saka I, ba a saka O, ba a saka Q. Saboda haka in ka ga zagaye, sifiri ne. Maimaita: zagaye sifiri ne.

Yanzu an ba ka takardar inshora, ita ma da lambar jikin motar a rubuce. Kada ka ninke ta tukuna. Ajiye ta kusa da abin da ka rubuta, yatsan hagu a nan, na dama a can, ka bi su harafi-harafi. Harafi ɗaya ya saɓa, takardar ta wata mota ce, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa kamfani na iya ƙin biya. Mayar wa ma'aikacin nan take, ka ce, "Ranka ya daɗe, a duba mini nan." Duba sunanka ma, ya zo daidai da na katin shaidarka.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne magidanci ya sayar da riɗi da gyaɗar shekara ya sayi mota, amma minti biyar na dubawa ya gagare shi, sai ya cusa takarda a aljihun babbar riga wai ai ɗan ofis ya san aikinsa. Ɗan ofis ba zai tsaya tare da kai gaban 'yan sanda ba. Fito da takardar. Yatsa, baki, fensir. Sake bi.

Darasi na uku: Tantancewa ta waya

Ƙaramar waya ta isa, in da ɗan kati a ciki. Danna *565*11#, ka saka lambar motar, wato wadda ake maƙalawa gaba da baya, idan an tambaye ka. Inshorar gaske tana fitowa a rumbun bayanan kamfanonin inshora. In an kwana biyu ba ta fito ba, koma wa wanda ya karɓi kuɗinka. Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshora a kan hanya.

Darasi na huɗu: Takaful

Mai shakka ta fuskar addini ya nemi takaful, wato inshorar Musulunci. Akwai Jaiz Takaful, akwai Noor Takaful. Can ma ka duba lambar jikin motar.

Darasi na biyar: Sabuntawa

Shekara ɗaya take yi. Ranar ƙarewa tana jikin takardar, rubuta ta a bayan littafin nan.

Aikin gida: kwafo lambar jikin babur ɗin maƙwabcinka sau uku, ka kawo aji ranar Asabar.