Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Kayan Layin Umarni Suka Birkice Bayan Sabunta Manhaja

Duk mai kula da kwamfutoci masu aiki da Linux a Garwa ko Marwa ya san irin wannan kira: jiya an sabunta tsarin, yau kuma umarnin da aka shekara ana bugawa ya ƙi aiki. Abin da na lura da shi a tsawon lokacin da na ɗauka ina wannan sana'a shi ne, ɓarnar da sabuntawa ke yi yawanci ƙarama ce, babbar ɓarnar tana zuwa ne daga gyaran da aka yi cikin gaggawa tun ba a san abin da ya canza ba. Misalan da zan kawo daga Ubuntu da Debian suke, wato nau'o'i biyu na Linux, domin su na fi tararwa a makarantu da ofisoshin wannan yanki.

Kuskuren farko shi ne rashin karanta saƙon da na'urar ta fitar. Mutum zai ga rubutu ya cika tagar umarni, sai ya rufe ta ya sake kunna kwamfuta, alhali sunan abin da ya ɓata yana nan a rubuce a cikin layukan. Tun da yawancin na'urorinmu da Faransanci aka girka su, saƙon yakan fito da Faransanci, kuma idan aka neme shi a intanet ba a cika samun amsa mai yawa ba. A sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin a sake buga shi, saƙon zai fito da Turanci kamar yadda masu manhajar suka rubuta shi. Bayan haka a buɗe `/var/log/apt/history.log`, inda apt, manhajar da ke girka manhajoji da sabunta su, ke jera kowane ƙunshin manhaja da aka sabunta ko aka cire, tare da rana da sa'a da tsohuwar sigarsa da sabuwa. Wanda ya karanta wannan fayil ya daina lalube a cikin duhu.

Daga nan sai a tabbatar da wace manhaja ce ke amsawa idan aka kira sunanta, domin suna ɗaya yana iya zama a wurare biyu ko uku. Sau da yawa wani ya taɓa girka manhaja da hannu a `/usr/local/bin` shekaru da suka wuce, kuma da yake wannan wuri yana gaba da `/usr/bin` a jerin `PATH`, wato jerin wuraren da ake neman umarni a cikinsu, tsohuwar ce za ta ci gaba da amsawa ko da an kawo sabuwa. Umarnin `type -a` tare da sunan manhajar zai nuna dukkan inda take, bisa tsarin fifiko. Haka kuma bash, manhajar da ke karɓar umarni a tagar, yana riƙe wurin da ya sami kowane umarni tun karon farko, saboda haka idan sabuntawa ta matsar da manhaja zuwa wani wuri, tagar da ke buɗe za ta nace cewa fayil ɗin babu shi. Maganin wannan `hash -r` ne, ko buɗe sabuwar taga. Na ga wanda ya goge kwamfuta ɗungurungum ya sake girka tsarin saboda wannan kaɗai.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu a nan, wato ɗaukewar wuta ko yankewar intanet ana tsakiyar sabuntawa, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi ya tsananta. Idan haka ta faru, wasu ƙunshe-ƙunshe sukan tsaya rabi da rabi, an kwance su amma ba a kammala daidaita su ba. Abin yi shi ne `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`. Kuskuren da ake yi shi ne, idan apt ya ce an kulle `/var/lib/dpkg/lock-frontend`, sai a yi maza a goge fayil ɗin. Galibi wani aikin sabuntawa ne ke gudana a ɓoye, kuma goge makullin yana barin ayyuka biyu su riƙa rubutu a rumbun bayanai guda a lokaci ɗaya. A duba da `ps aux | grep -E 'apt|dpkg'`, in akwai mai aiki a jira shi ya gama.

Wata matsalar ba ta da hayaniya, shi ya sa ta fi ba ni tsoro. A wata makaranta mai zaman kanta a Garwa akwai ɗan rubutun umarni da ke lissafa matsakaicin makin ɗalibai a kan 20. Tsohon tsarin da Turanci yake, wanda ya girka sabon kuwa ya zaɓi Faransanci. Da aka fitar da sakamakon zango, malamin lissafi ya zo da takardar a hannu, ya ɗora yatsa a kan sunan wata yarinya ya ce, "Malam, ni na ba ta 12.5 da hannuna, ga shi nan an rubuta 12,00." Muka bi jerin daga sama har ƙasa, muka ga duk wani maki mai ɗigo an yanke masa wutsiya. Dalili shi ne Faransanci da waƙafi yake raba lamba da gutsurenta, saboda haka `printf` na bash ya karanta 12, ya tsaya a kan ɗigon, ya yi ƙorafi cewa lambar ba ta inganta ba. Amma wanda ya tsara rubutun tun asali ya tura duk wani ƙorafi zuwa `/dev/null`, inda duk abin da aka tura ke ɓacewa, don haka babu wanda ya gan shi. Layi ɗaya muka ƙara a saman rubutun, `export LC_NUMERIC=C`, muka kuma cire abin da ke haɗiye ƙorafin. A ganina duk rubutun da ke taɓa lambobi a Kamaru ko Chadi ya kamata ya faɗi tsarin lambobinsa da kansa, kada ya dogara da harshen na'urar da ya tsinci kansa a kai.

Sai batun Python, harshen rubuta manhaja, inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Ubuntu 22.04 da Python 3.10 ya zo, Ubuntu 24.04 kuwa da 3.12. Duk abin da aka girka a baya da `pip`, mai sauko da kayan Python, yana zaune a jakar da ke ɗauke da lambar tsohuwar siga, sabuwar ba ta leƙa can, don haka sai rubutu ya ce bai sami kayan aikinsa ba. Idan aka je sake girkawa, `pip` zai ƙi, ya fitar da `externally-managed-environment`, wanda kariya ce da Debian 12 ya zo da ita a 2023 domin kada kayan da mutum ya sauko da su su danne waɗanda tsarin kansa ya dogara da su. A nan ne wasu ke ƙara `--break-system-packages`, wasu kuma su karkatar da `/usr/bin/python3` zuwa tsohuwar siga, abin da ke karya kayan kula da tsarin da aka rubuta da Python. Mafi muni shi ne cire `python3` gaba ɗaya, domin yakan tafi da babban ɓangare na fuskar kwamfutar. Hanyar da ta dace ita ce a girka `python3-venv`, a yi wa kowane aiki keɓantaccen muhallinsa da `python3 -m venv`, a zuba kayansa a ciki. Tsohon muhallin da aka gina da 3.10 ba a lallaɓa shi, sabo ake ginawa, kuma wanda ya adana sakamakon `pip freeze` kafin sabuntawa ya huta da tunanin abin da ke ciki.

Masu shiga tsofaffin sabobi da na'urorin rarraba intanet ta SSH, hanyar sarrafa na'ura daga nesa, su ma sun sha wahala. Tun daga OpenSSH 8.8, wanda ya fito a watan Satumba na 2021, an daina karɓar tsohon salon sa hannu na `ssh-rsa` mai amfani da SHA-1 sai in an kunna shi da hannu, saboda rauninsa ya bayyana. Tsohuwar na'urar da ba ta iya wani salon ba sai ta ƙi haɗuwa, a ga `no matching host key type found`. Idan ba za a iya sabunta na'urar ba, a buɗe `~/.ssh/config` a rubuta sunanta ita kaɗai, a sa `HostKeyAlgorithms +ssh-rsa` da `PubkeyAcceptedAlgorithms +ssh-rsa` a ƙarƙashinsa. Kuskure ne a sa su a ƙarƙashin `Host *`, domin an raunana kowace haɗuwa ke nan saboda na'ura guda. Wanda `scp`, umarnin kwafar fayil tsakanin na'urori, ya canza masa hali kuma ya sani cewa daga siga ta 9.0 ta hanyar SFTP yake aikawa, kuma `-O` yana maido da tsohuwar hanyar.

Idan `ifconfig`, umarnin duba saitin haɗin intanet, ne ya ɓace, babu abin da ya lalace: `ip addr` ne ya gaje shi, mai son tsohon kuma ya girka `net-tools`.

Fayilolin saiti su ne aka fi mantawa da su. Ana cikin sabuntawa tsarin yakan tambaya ko a riƙe saitin da mutum ya gyara ko a ɗauki sabo, kuma mutane da yawa suna danna amsa ba tare da sun karanta ba. Ko wanne aka zaɓa, ɗayan bai ɓata ba: idan aka riƙe tsohon, sabon yana gefensa da ƙarshen suna `.dpkg-dist`, idan kuma aka ɗauki sabon, tsohon yana nan da `.dpkg-old`. A nemo su da `sudo find /etc -name '*.dpkg-*'`, a gwada kowanne da abokinsa ta hanyar `diff`, sannan a riƙa maido da layukan da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, ana gwada umarnin bayan kowane canji kafin a taɓa na gaba.